Ka Ci Kare a Can?

Shekara biyar na yi a birnin Chengdu na ƙasar Sin, ɗaya ta koyon harshe, huɗu na karatun digiri a fannin injiniyan gine-gine. Da na dawo gida Kano a daminar 2024, na zaci 'yan barka da zuwa za su tambaye ni yadda ake ɗora gada a kan kwazazzabo, ko yadda jirgin ƙasa ke cin kilomita 300 a sa'a guda. Kaɗan ne suka tambaya. Abin da ya fi yawa shi ne, bayan an gaisa an sha ruwa, wani ya gyara zama, ya rage murya kamar mai neman a tona masa asiri, ya ce, "To Malam, tsakaninka da Allah, ka ci kare a can?" Sai zaure ya ɗauki dariya. Wani ya ƙara da maciji, wani ya ce ai har kwaɗi ba sa bari. Na ji wannan tambaya daga bakin yaro, na ji ta daga bakin mai digiri biyu, na kuma ji ta a sansanin masu yi wa ƙasa hidima.

Da farko nakan taya su dariya. Daga baya na daina, domin na gane cewa amsar ba ta dame su ba. Hukunci ne aka riga aka yanke, aka sa masa alamar tambaya don ladabi: wai mutane biliyan 1.4 ƙazamai ne, kuma tukunyarsu ba ta cancanci a leƙa ba. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda muke naɗa wa wannan ƙyama rawanin addini, mu kira ta tsantseni. A wannan rubutu ina so in warware rawanin, mai karatu ya ga abin da ke ƙarƙashinsa. Hujjata kuwa ba ta wuce wani ɗan gidan abinci mai tebur shida ba, da wani dare da na kai kawuna can.

Chengdu shi ne babban birnin lardin Sichuan, a kudu maso yammacin Sin, kuma mazaunansa sun haura miliyan 20. Gari ne da ke cikin kwari, duwatsu sun kewaye shi, iskarsa jiƙe take da laima, hazo kuma yakan rufe sama makonni a jere. Har Sinawa na da karin magana cewa karen Sichuan idan ya ga rana haushi yake yi mata, don bai saba ganinta ba. Mutanen wurin sun yi imani cewa yaji na korar sanyin laima daga jiki, saboda haka suke cinsa safe da yamma. Akwai manyan gidajen abinci masu fitilu da ma'aikata sanye da kaya iri ɗaya, amma ɗan gari na ainihi ba can yake kai baƙon da yake ƙauna ba. Yakan kai shi irin wuraren da suke kira "cangying guanzi", wato gidan abincin ƙuda. Wasu sun ce sunan ya samo asali ne daga rashin kyan wurin, wasu kuma suka ce daga yadda masu ci ke gano shi komai lungun da ya ɓuya, su yi masa dandazo kamar ƙuda a kan mangwaro.

Wanda na saba zuwa yana cikin wani lungu, tafiya kaɗan daga masallacin Huangcheng da ke tsakiyar gari. Tebur shida ne da 'yan kujerun roba marasa majingina. A saman ƙofa akwai koren allo mai haruffan Sinanci biyu da ake karantawa "qingzhen", alamar cewa abincin halal ne. Mai wurin wata dattijuwa ce Musulma 'yar ƙabilar Hui, kowa na kiranta "Ayi", kamar dai a ce Gwaggo. Mijinta ne ke tsaye a bakin wuta da kasko mai zurfi, yana juya shi da hannu ɗaya, harshen wuta na tashi har ya wuce kafaɗarsa. Ba a yi wa kowa maraba da doguwar gaisuwa. Ka zauna, a dire maka butar shayi marar sukari, ka faɗi abin da kake so da ƙarfi don a ji ka cikin hayaniya, idan ka gama ka nuna wayarka ga wata 'yar alama da ke manne a bango ka biya. Direban tasi, ɗalibi, ma'aikacin banki da mai shara duk kafaɗa da kafaɗa suke zama.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ɗan kasuwar yadi ne a Kantin Kwari. Ya fi shekara goma yana zuwa Guangzhou sarin kaya. A duk tafiyarsa akwatinsa ba ya rabuwa da garin rogo, ƙuli-ƙuli, dabino da dakakken yajin gida. Idan ya gaji da jiƙa gari a ɗakin otal, sai ya nemi inda 'yan Afirka ke girki a unguwar Xiaobei. Yana alfahari da cewa bai taɓa sa lomar Basine a bakinsa ba. Da ya zo Chengdu bikin kammala karatuna, na ce zan kai shi inda na ci abinci shekara biyar. Muna isa bakin ƙofar ya tsaya cak, ya toshe hanci da gefen babbar riga.

"Kai ɗan nan, nan ka kawo ni? Me suke dafawa haka?"

"Naman sa ne, Kawu. Musulmi ne, ga allonsu. Maigidan ma sahu ɗaya muke sallar Juma'a da shi."

"Uhm. Ni dai shayi ya ishe ni."

Ayi ta gan shi da hula da carbi, ta fito ta yi masa sallama da irin lafazinsu. Ya amsa a ɗarare, ya zauna a bakin kujera kamar wanda ke jiran a kira shi gaban alƙali. Na sa aka kawo abinci kala uku da shinkafa. Bari in faɗi mene ne su, domin kowannensu hujja ne.

Na farko yankakken naman sa ne siriri da aka tsoma a tafasasshen romo, aka rufe shi da busasshen barkono da tafarnuwa, sannan aka kwarara masa tafasasshen mai a ka, ya iso tebur yana ƙara. Suna kiransa "shuizhu niurou". Ana danganta asalinsa da garin Zigong mai rijiyoyin gishiri, inda a 1835 aka haƙa rijiyar da zurfinta ya haura mita 1,000. Shanu ne ke juya injin da ke jawo ruwan gishirin, kuma idan sa ya tsufa ya gaza, sai a yanka shi leburori su dafa namansa mai tauri da gishiri da kayan yaji. Na biyu kayan ciki ne, tumbi da harshe da zuciya da fatar kai, an dafa an yanka falle-falle, an jiƙa su da jan man barkono da dakakkiyar gyaɗa. Sunansa na nufin yankan mata da miji, domin wasu matalautan ma'aurata ne suka shahara da tallarsa a titunan Chengdu a shekarun 1930, suna sayen abin da mahauta ke yasarwa da araha. Na uku shi ne "mapo doufu", wanda ya ɗauki sunan wata mata mai zanen agana a fuska, matar wani mai suna Chen, da ke dafa wa 'yan dako abinci kusa da wata gada a arewacin birnin tun wajen 1862.

Ka lura, ya mai karatu, babu ɗaya daga cikin ukun da ya fito daga fadar sarki. Abincin lebura ne, da na ɗan dako, da na wanda bai iya sayen tsoka ba sai tumbi. Shi kansa barkonon baƙo ne a ƙasar. Daga nahiyar Amurka ya fito, jiragen Turawa suka yaɗa shi a duniya, kuma rubutun Sinanci na farko da aka sani ya ambace shi na shekarar 1591 ne, a matsayin furen ado. Talakawa ne suka fara kai shi tukunya. A lardin Guizhou, maƙwabcin Sichuan, inda gishiri ya yi tsada a ƙarni na 18, da barkono matalauta suka riƙa maye gurbinsa don shinkafa ta wuce maƙogwaro. Mu ma haka ya zo mana. Kafin barkono da attaruhu su iso ƙasar Hausa, kakanninmu da masoro da kimba da citta suke yaji. Baƙo ɗaya ne ya sauka a gidaje biyu, kowane gida ya mayar da shi ɗa.

Kawu ya daɗe yana kurɓar shayi yana kallona. Can dai ƙamshi ya fi ƙarfinsa, ya ce a ba shi cokali, don ya ce shi ba zai yi wasan yara da tsinke biyu ba. Ya ɗebi na ukun ya ɗora a kan shinkafa, ya yi bisimilla, ya tauna. Sai ya ɗago da sauri.

"Kai, wannan ai awara ce!"

Awara ce kuwa. Waken suya a wannan yanki na duniya aka fara nomansa, kuma Sinawa sun fi shekara dubu suna niƙa shi, su tace, su daskarar da ruwansa. Abin da yaranmu ke saye a bakin makaranta ana barbaɗa musu yaji, wanda ba mai tambayar asalinsa, jikan wannan ne da ke gaban Kawu. Bai gama mamaki ba sai leɓensa ya fara rawa, harshensa ya yi nauyi kamar an yi masa allurar cire haƙori. Ya tsince wani ɗan ƙwaya mai ruwan ƙasa-ƙasa daga cikin miyar, ya murza, ya shinshina, ya ce, "Fasa ƙwari!" Bai yi kuskure sosai ba. Abin da Sinawa ke kira "huajiao" da fasa ƙwarin da matanmu ke sawa a yaji da kunu, ake kuma tauna saiwarsa don ciwon haƙori, 'yan dangi ɗaya ne a ilimin tsirrai. Jan kaurin miyar kuma daga wani haɗi yake da ake yi a Pixian, a gefen Chengdu: wake da barkono da gishiri a zuba a manyan randuna, a buɗe su sha rana, a juya, a rufe, har shekara ɗaya zuwa uku. Duk wanda ya tashi a gidan da ake sa daddawa a miya ba shi da bakin cewa ruɓaɓɓen wake ƙazanta ne.

Haɗuwar zafin barkono da wannan mutuwar harshe ita suke kira "mala", kuma ita ce tambarin girkin Sichuan. Masana sun gano cewa sinadarin da ke cikin barkono yana taɓa jijiyar da aikinta shi ne sanar da jiki zafin wuta, shi ya sa mutum ke gumi ko da abincin ya huce. Binciken wannan jijiya na cikin abin da ya sa aka ba David Julius kyautar Nobel a 2021. Shi kuwa huajiao jijiyar taɓi yake ruɗawa, har leɓe ya ji kamar ana kaɗa shi wajen sau 50 a daƙiƙa. Kawu bai san da wannan bayani ba, bai kuma buƙace shi ba. Ya cire hula ya ajiye a gwiwa, gumi na bin gemunsa, ya ce a ƙaro shinkafa.

Na san abin da mai jayayya zai ce, kuma ba zan kauce masa ba. Zai ce, "Kai ka samu na Musulmi ne. Sauran fa?" Gaskiya ne, kuma a nan ne ya kamata tsantseni ya tsaya. Naman da Sinawa suka fi ci shi ne alade, kusan rabin wanda duniya ke ci a can ake cinye shi. A gidan abincin da ba na Musulmi ba, ko ganye ka nema ana iya soya shi da kitsen alade, ana kuma zuba giyar girki a nama don kashe ƙarni. Musulmin da ya shiga ko'ina ya ci komai ya yi sakaci da addininsa. To amma maganin wannan sani ne. Musulmin Sin sun haura miliyan 20, 'yan Hui kaɗai sun fi miliyan 11, kuma da wuya ka sami babban birnin da babu shagon taliyar naman sa irin ta Lanzhou, wadda galibi Musulmi ne ke yin ta. A Guangzhou ɗin da Kawu ke zuwa akwai masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a ƙasar. A 'yan shekarun nan hukuma ta sa an cire rubutun Larabci daga allunan shaguna da yawa, abin da ban ji daɗinsa ba, amma haruffan nan biyu na Sinanci suna nan. Koyonsu ba ya cin minti biyar. Mutumin da ya haddace farashin yadi kala hamsin da kuɗin Sin, ya ce haruffa biyu sun gagare shi, ba tsoron haram ne ya hana shi ba.

Addinin da muke fakewa da shi ma ya raba tsakanin haram da abin da rai bai so ba. Ya tabbata a ingantattun littattafan hadisi cewa an kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gasasshen damon sahara, ya janye hannunsa. Khalid ɗan Walid ya tambaye shi ko haramun ne, ya nuna masa cewa ba haramun ba ne, sai dai ba abincin ƙasar mutanensa ba ne, shi ya sa ransa bai karɓe shi ba. Khalid ya jawo ya ci a gabansa, bai hana shi ba. An kuma ruwaito cewa bai taɓa aibata abinci ba, in ya so ya ci, in bai so ba ya bari. Wannan shi ne ladabin da aka koya mana: ka bar abin da ba ka so, ka kame bakinka daga zagin mai ci. Mu kuwa mun juya shi, mun mayar da zagin abincin mutane hirar zaure.

Zai sake cewa, "Amma ai suna cin karen." E, akwai masu ci, a wasu yankuna, kuma bikin garin Yulin da ake yaɗa hotunansa gaskiya ne. Sai dai mafi yawan Sinawa ba sa ci, da yawa ma suna ƙyamar abin. A 2020 birnin Shenzhen ya haramta cin kare da kyanwa, kuma a shekarar ma'aikatar noma ta ƙasar ta fitar da jerin dabbobin kiwo babu kare a ciki. A shekara biyar ban taɓa zama teburin da aka kawo shi ba. A cikin Nijeriyar nan tamu akwai al'ummomin da ke cin kare, ba mu kuma yarda wani ya ce duk ɗan Nijeriya maci kare ne ba. Mu da ke soya fara mu barbaɗa mata yaji, mu ci gafiya da burgu, mu tsotse ƙafar sa har ƙashi, ya kamata mu san cewa abincin wani gubar wani. Na taɓa nuna wa abokan karatuna hoton farar da ake sayarwa a kasuwanninmu, wata ta rufe ido ta yi ƙara. Laifi tudu ne.

Ƙasar da ta kai wannan girma ba ta da tukunya ɗaya. Su kansu sun kasa girkinsu zuwa manyan gidaje takwas. Mutumin Guangzhou ba ya son yaji, ya fi son ɗanɗanon abu yadda Allah ya yi shi, idan ka kai shi Chengdu hawaye zai yi kamar yadda Kawu ya yi. Mutumin Hunan yana cin barkono fiye da na Sichuan amma bai damu da huajiao ba. Na arewa alkama ce abincinsa, na kudu shinkafa. Wanda ya ce "abincin Sinawa" ya yi shiru, daidai yake da wanda ya haɗa tuwon dawa da sakwara da kuskus ya ce abincin Afirka ke nan.

Sai batun tsabta da farin magi. Ba zan ce Sin ba ta ga abin kunya a harkar abinci ba. A 2008 gurɓatacciyar madarar jarirai ta kwantar da yara kusan 300,000, wasu suka mutu, kuma an sha kama masu sake tace tsohon mai suna sayarwa. Waɗannan laifuffukan 'yan kasuwa ne marasa imani, irin waɗanda mu ma muke da su masu nunar da ayaba da sinadari. A shagon Ayi kuwa takardar binciken jami'an lafiya na manne a bango, wutar girki na gaban idonka, naman da aka kawo da safe ba ya kai dare. Shi kuwa farin magi, wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya fitar da shi daga ciyawar teku a 1908, kuma sinadarin nasa yana nan a tumatir da daddawa. Tsoronsa ya yaɗu ne bayan wata wasiƙa da aka buga a wata mujallar likitoci ta Amurka a 1968, har aka laƙaba wa gidajen abincin Sinawa wata cuta da gwaje-gwajen da suka biyo baya suka kasa tabbatarwa. Abin dariya ne a ji wannan zargi daga bakin mutanen da ba sa ɗora tukunya sai da dunƙulen magi huɗu.

Hujja mafi nauyi ita ce ta ƙarshe: "Su ma ai suna ƙyamarmu." Wannan na gani da idona. A watan Afrilun 2020, lokacin annobar korona, an kori 'yan Afirka da dama daga gidajen haya da otal-otal a Guangzhou, wasu suka kwana a titi, har wani reshen wani babban kamfanin abinci ya liƙa sanarwar hana baƙar fata shiga, daga baya kamfanin ya nemi gafara. Ni ma a Chengdu an taɓa ɗaga mini hannu a ƙofar wani shago, an sha kuma tashi daga kusa da ni a jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ban manta ba, ba kuma zan wanke kowa ba. Amma da na zauna na auna, sai na ga cewa wanda ya tashi daga kusa da ni da wanda ke tambayata ko na ci kare ciwo ɗaya ke damunsu. Kowannensu ya ji labari, bai matso ya gani ba, ya yanke wa al'umma guda hukunci. A waɗannan watanni masu wuya, da aka sake buɗe shaguna, Ayi ba ta taɓa canja mini fuska ba. Takan ƙara mini nama ta ce na rame. In na rama ƙyamar wancan a kan tukunyarta, wa na zalunta?

Wani zai ce duk wannan surutu a kan kwanon miya? Ai abin ya wuce miya. Babu ƙasar da Nijeriya ke sayen kaya daga gare ta kamar Sin. Su sun daɗe da gane cewa ciniki na bin sani. Gidan rediyonsu na watsa shiri da Hausa tun 1963, ana koyar da Hausa a jami'a a Beijing, kuma a 2019 Sarkin Kano ya naɗa wani ɗan kasuwarsu sarautar Wakilin 'Yan China. Suna zaune a garinmu, suna cin tsirenmu, suna taya mu ciniki da harshenmu. A can kuwa, a kan teburin abinci ake ƙulla amana. Mai masana'anta yakan gayyaci abokin ciniki cin abinci kafin a yi maganar farashi, a nan yake auna ko kai baƙon kwana ɗaya ne ko abokin tafiya. Kawu ya sha ƙin irin wannan gayyata, alhali yana iya cewa a je na Musulmi, kuma za a je. Shekara goma yana biyan tafinta da dillali, yana dawowa yana kukan cewa Sinawa sun shigo Kwari sun karya kasuwa. Sun san mu, ba mu san su ba, kuma rashin sani ya fi dare duhu.

Akwai asara ta biyu, wadda ta fi kusa da gida. Idon da ya saba raina tukunyar talakan wata ƙasa ba ya ganin darajar ta talakan garinsu. Mutanen Chengdu sun riƙe sunan mata mai zanen agana fiye da shekara 160, sun mayar da abincin 'yan dako abin alfahari, har hukumar UNESCO ta sa birnin cikin biranen gwanintar girki a 2010, na farko a nahiyar Asiya. A Guizhou wata gwauruwa mai suna Tao Huabi ta buɗe 'yar rumfar taliya a 1989, ta lura cewa man barkononta ne ke jawo mutane, ta koma zuba shi a kwalba. Yau Lao Gan Ma, mai hoton fuskarta, yana kantuna a ƙasashe da yawa. Mu fa? Mai ɗanwaken unguwarmu, da mai waina, da mai tuwo-tuwon tasha, hannunsu bai gaza na Ayi ba. Amma mu 'yan boko muna ci a ɓoye, mu goge baki, mu je mu ɗauki hoto da abincin da ba mu iya faɗin sunansa ba. Yajin tsirenmu ya isa ya zaga duniya a kwalba, amma wa zai ɗauke shi, tunda mun koyi cewa abin da aka dafa a rumfa abin kunya ne?

Ba ina kira ga kowa ya so abincin Sichuan ba ne. Mai gyambon ciki ma ina ba shi shawara ya yi nesa da shi. Abin da nake nema kaɗan ne. Ɗalibi ko ɗan kasuwar da Allah ya kai shi can ya koyi haruffan nan biyu, ya nemi koren allo, ya shiga ya zauna inda 'yan gari ke zama, ya ɗanɗana sau ɗaya. In bai so ba ya bari, ya yi shiru irin na masu ladabi. Wanda kuma bai je ba ya daina ba da shaidar abin da bai gani ba, domin gani ya kori ji.

A daren nan mun biya abin da bai kai kuɗin tasin da ya kawo mu daga filin jirgi ba. Da za mu fita Kawu ya sa na tambayi Ayi inda ake sayar da huajiao, washegari ya sayi rabin kilo ya cusa a akwati kusa da garin rogonsa. Ba zan ce ya sauya gaba ɗaya ba. Bayan mun dawo, wata rana a zaurensa wani ya jefo mini tambayar nan, aka yi dariya, shi ma ya yi. Sai da dariyar ta lafa ya ce, "Ku dai bari. Akwai masu salla a can, kuma awararsu ta fi tamu laushi." Aka dube shi da mamaki, ya aika yaro cikin gida ya ɗauko ƙullin, ya ba kowa ƙwaya ɗaya ya ce ya tauna.

Ni kuwa yanzu idan aka tambaye ni, ba na dariya, ba na kuma fushi. Nakan ce ban ci kare ba. Na ci naman sa irin na leburorin gishiri, da tumbi irin na matalautan ma'aurata, da awarar wata tsohuwa mai zanen agana, a hannun wata Musulma da ta ciyar da ni shekara biyar ba ta taɓa tambayata ko mutanenmu na cin fara ba.